Ranakun da 'Yata Ba Ta Je Makaranta Ba

Ni matsoraci ne, gara in faɗa da bakina tun yanzu kafin wani ya faɗa min. Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a wani kamfanin fata a Challawa, ban taɓa ɗaga wa kowa murya ba, ko mai gadi ne ya daka min tsawa haƙuri nake ba shi. Wajen aikina a can baya yake, inda ba kowa ke son zuwa ba. Duk ruwan da aka jiƙa fata da shi, aka cire gashi, aka zuba magani, yana gangarowa ya taru a wani ƙaton kududdufi na siminti. A bakin kududdufin akwai ƙofar ƙarfe da ake murɗawa da wani abu kamar sitiyarin mota. Ni ne mai murɗa shi.

Ba kullum ake buɗewa ba. Ana jira sai kududdufin ya kusa cika, kuma an fi so a dace da safiyar da aka yi ruwan sama, lokacin da lambatu ke gudu, don namu ya bi na Allah su tafi tare. Ƙarfe shida na safe idan na karɓi aiki, oga zai zo ya leƙa, ko ya ce "bar shi", ko ya ce "sake shi". In ya ce a sake, ruwan zai fita ta ƙarƙashin katanga, toka-toka da shi, ya bi babban lambatu, ya sha kwana, ya wuce daidai ta bayan firamaren gwamnati ta unguwarmu, a gefen Panshekara. Ajin 'yan shida ne na ƙarshe, tagoginsa suna kallon lambatun. Warin irin na ruɓaɓɓen ƙwai ne, sai dai shi ba ya tsayawa a hanci, maƙogwaro yake kamawa.

A wannan ajin 'yata take a shekarar da nake ba da labari. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Mamana nake ce mata. Tana da ciwon ƙirji tun tana ƙarama, idan ya tashi sai ka ji numfashinta yana fito, kafaɗunta suna ɗagawa. Sau biyu muka kwasa da ita zuwa asibiti a adaidaita sahu, kuma duka biyun a ranar da na saki ruwa ne. Daga nan na samo dabara. Da zarar oga ya ce a sake, sai in zagaya bayan ɗakin injin in kira uwarta in ce, "Yau Mamana ta zauna ta taya ki aiki." Ta san ma'anar, ba ta tambayata.

Na san akwai 'ya'yan wasu a ajin. Na sani sarai. Ban taɓa gaya wa maƙwabci ko ɗaya ba, domin maganar da ta shiga kunne biyu a unguwarmu kafin la'asar ta isa bakin kamfani, ni kuwa da wannan aikin nake ciyar da mutum shida. Abin da na fi tsoro a duniya shi ne a wayi gari mai gadi ya tare ni a ƙofa ya ce an ce kada in shiga.

Makarantar tana da kwamitin iyayen yara, kamar kowace makaranta. A da babu mai ko waiwayarsa. Wani dattijo tsohon direba ne shugaba, kuma ina jin ya daɗe a kujerar ne don babu wanda ya tuna a sauke shi. Sau ɗaya a shekara a taru a yi maganar tsintsiya da kwanon da iska ta yaye, dattijo ya yi gyangyaɗinsa, a shafa fatiha a watse. Sai aka yi zaɓen ƙananan hukumomi. Waɗanda suka faɗi suka duba ko'ina ba su ga kujera ba, sai bencin makarantar 'ya'yanmu.

Jagoransu wani tela ne da ya nemi kansila bai samu ba, mutum mai baki, in ya fara magana sai ka manta abin da ya kawo ka shagonsa. Ɗansa yana aji ɗaya da Mamana. Ya ce dole kwamiti ya rubuta wa hukuma takarda a kan ruwan lambatu, in ba a kula ba a tafi gidan rediyo. Ɗaya ɓangaren kuma wani Alhaji ne dillalin fata, shi ke kai wa kamfanoni kaya, kuma aminin sabon kansila. Ya ce wannan ba maganar yara ba ce, so ake a kunyata gwamnati, kwamitin iyaye ba majalisa ba ne. Ban ce ɗayansu maƙaryaci ne ba. Tela da gaske tarin ɗansa yana damunsa, amma ina ganin lasifika ta fi damunsa. Alhaji kuwa shi ya rufa wa aji biyu kwano, kuma da ya ce rabin iyayen nan a kamfanoni suke cin abinci, ba ƙarya ya yi ba. Aka buɗe guruf a waya, kullum sai saƙon murya, wannan ya zagi wancan a cikin ladabi. A ƙarshe aka tsayar da magana za a sake zaɓen kwamiti, kuma irin na layi za a yi, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so. Ni ban taɓa cewa uffan a guruf ɗin ba, ko sallama ba na amsawa.

Ana cikin haka malamar ajin su Mamana ta aiko in zo. Na tashi aiki ƙarfe biyu na wuce kai tsaye, da warin fata a jikina. Mace ce mai ɗan shekaru, siririya, ba ta da yawan fara'a. Yara sun tashi, ita kaɗai ce a ajin. Bayan mun gaisa ta buɗe rajistar kiran suna ta juyo min da ita.

"Malam, ku duba nan," ta ce.

A saman wasu ranaku ta ɗiga ɗan ɗigo da fensir. Ta ce ranakun da wari ya hana su karatu ke nan, ta fara ɗigawa ne don kanta. Sai ta ɗora yatsa a layin sunan 'yata ta ja shi a hankali. Duk inda ɗigo yake a sama, a ƙasa Mamana ba ta zo ba. Sauran ranakun kuwa ko makara ba ta taɓa yi ba.

Na rasa inda zan ajiye idona. Na ce, "Malama, ai kin san ba ta da lafiya, in an yi ruwa sanyi yana tayar mata da ciwon."

"An yi ruwa ranar Talata, ta zo," ta ce. "An yi ranar Alhamis ta wancan makon, ta zo."

Ta rufe rajistar ta ce ita ba ta tambaye ni komai ba, kuma ba ta son sanin inda nake aiki. Yara sun fi sittin a ajin nan, in ji ta, da za ta san ranar tun da safe, da sai ta kwashe su zuwa gindin darbejiyar bakin ƙofa, can iskar ba ta kaiwa sosai. Ta yagi 'yar takarda ta rubuta lambarta. "Ba sai kun yi magana ba. Filashin kawai."

Na karɓa don kada in yi mata rashin kunya, amma a raina na riga na ce ba da ni ba. Takardar ta yi mako biyu a aljihuna. A cikin makon nan biyu na saki ruwa sau ɗaya, na kira gida kamar kullum, ban kira kowa ba bayan haka. Da na dawo na tarar da maƙwabciyarmu zaune a tsakar gida da 'yarta, ƙawar Mamana, wadda suke tafiya makaranta tare. Idon yarinyar ya yi jawur, ta yi amai har sau uku, an ba ta lemon tsami tana tsotsa. Matar ta dube ni da zuciya ɗaya ta ce, "Kai, ku dai kun yi sa'a, Allah ya taimake ku yau taku ba ta je ba." Na ce mata wallahi kuwa. Na shige ɗaki, abincin ranar ban iya ci ba.

Saki na gaba, na kira gida, sannan na danna lambar Malama, ta yi ƙara sau ɗaya na kashe. Na ji kamar na saci wani abu. Na goge kiran nan take. Lambar ma da sunan "Mai gawayi" na ajiye ta, don ko wani ya ɗauki wayata.

Abin ya yi aiki. Ruwan yana ɗaukar kusan awa ɗaya kafin ya kai bayan makaranta, kafin nan ta kwashe yara da allonta sun koma gindin bishiya. Ta aiko min ta bakin uwar Mamana cewa yanzu in bar yarinyar ta riƙa zuwa, tana tare da sauran a waje, ba abin da zai same ta. Na ji, na kuma san gaskiya ta faɗa. Amma duk safiyar da na kama sitiyarin nan na ji warin ya bugi fuskata, sai in tuna kafaɗun yarinyar suna ɗagawa a cikin adaidaita, in kasa. Na ci gaba da tsare ta a gida.

Sau huɗu aka yi haka mutane suka farga cewa 'yan aji shida suna fitowa tun kafin wari ya iso. Tela ya ji, kuma maimakon ya gode wa Allah ya yi shiru, sai ya saki saƙon murya a guruf. Ya ce mutanen Alhaji su sani, ɓangarensa ma yana da mutum a cikin kamfani, kuma ranar da za su fito da shi kowa zai sha mamaki. Bai san ni ba, bai san kowa ba, cika baki ne kawai. A wajen alwala na saurari saƙon, sai da na nemi dakali na zauna.

Washegari oga ya tara mu a bayan kamfani, mu biyar da muke sanin ranar saki. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ya ce akwai mai dogon baki a cikinmu, shi ba zai neme shi ba, zai fito da kansa. Sannan ya tambayi waɗanda ke da yara a makarantar. Mu biyu ne, ni da wani mai tuƙa motar ɗaukar fata. "Asabar ne zaɓenku ko? To, Alhaji namu ne. Za a ɗauki hoton layi, zan gani."

Kwanakin da suka rage ban san yadda na yi su ba. In oga ya kira sunana gabana ya faɗi. In mai gadi ya daɗe yana duba katina sai in ce shi ke nan, yau ce. Uwar Mamana ta ce in goge lambar in fita daga maganar, mu ba 'yan siyasa ba ne. Na ce mata na goge. Ban goge ba, kuma ranar Alhamis da aka ce in saki ruwa na sake yin filashin, ina yi ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Ranar Asabar da hantsi filin makaranta ya cika, har da iyayen da ban taɓa sanin suna da yara a nan ba. Wasu samari sun zauna a kan katanga da gora a hannu, ba wanda ya san ko na wane ɓangare ne, wataƙila kowa ya kawo nasa. Na sami can baya na raɓe kusa da tankin ruwa. Kafin a ja layi wani daga mutanen Alhaji ya miƙe ya ce akwai maganar da za a fara warwarewa, a kira malamar aji shida. Ta fito ta tsaya a gaban baranda. Ya ce ta gaya wa iyaye wanda ke aiko mata da labari, domin an mayar da aji ofishin 'yan adawa, kuma akwai makarantun ƙauye da ke neman malamai.

Sai Tela ya yi tsalle ya karɓe. "Malama, ki faɗe shi kada ki ji tsoron kowa! Wannan bawan Allah gwarzo ne. Mu za mu ɗauke shi a kafaɗa, mu kai shi rediyo da kansa ya yi wa jama'a bayani!"

Wallahi na fi jin tsoron Tela a kan mutumin Alhaji. Na ga kaina a kafaɗar mutane, na ga kaina ranar Litinin a bakin ƙofar kamfani ana nuna min hanya, Tela kuma yana shagonsa yana taka keken ɗinki. Na tabbata in ta ɗaga ido ta dubi wajen tankin nan, ko ba ta ce komai ba, kowa zai gane.

Ba ta duba ba. Ta ce, "Ni aikina koyarwa ne. Inda yara za su iya numfashi nan nake kai su." Aka yi ta mata ihu daga nan da can, ta naɗe hannu ta tsaya har suka gaji.

Aka ce a ja layi. Tela ya tsaya ta gabas, Alhaji ta yamma, mutane suka fara rarrabuwa, maza a gaba mata a baya. Maƙwabciyarmu ta wuce ni ta nufi layin Tela, har tana yafito ni. Wani yaron Alhaji ya hau benci ya ɗaga waya. Ina so in ce na yi dogon tunani, amma ban yi ba. Ƙafata ce ta kai ni bayan Alhaji, na tsaya, na ma ɗan karkato fuska don hoton ya kama ni da kyau.

Malamai aka sa su ƙirga, kuma Malamar ce ta faɗo a layinmu. Ta taho tana nuna kowa da biro tana faɗin lamba. Da ta zo kaina ta nuna ni, ta faɗi lambata, ta wuce na bayana, muryarta ba ta canza ba. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma duk da kunyar, a ƙasan raina daɗi nake ji an ɗauki hoton. Alhaji ya ci da 'yar tazara kaɗan. Maganar takarda ta mutu a wajen.

Na ɗauka na tsira. Aikin farko da sabon kwamiti ya sa a gaba shi ne duba yadda yara ke zuwa makaranta, kuma kowa ya yaba, har da ni. Suka karɓi rajistar kowane aji. Daga baya na ji Malama ta goge ɗigon fensirinta tas kafin ta miƙa. Amma ba za ta iya goge abin da ni na jawo ba. Mutanen Alhaji sun riƙe ranakun da aji ya zauna a gindin bishiya, suka bi rajista, suka ga yarinya ɗaya ce tak ba ta taɓa zama a gindin bishiyar nan ba, kuma ga sunan ubanta a gefe.

Da oga ya aiko kirana na san ko mene ne. Na shiga ofishinsa na durƙusa tun kafin ya buɗe baki. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce shi da zai yi rantsuwa a kan kowa, da a kaina zai yi. Ya ce ba zai kore ni ba, kuma kada in ɗauka don tausayi ne, in ya kore ni shagon Tela zan nufa. Daga gobe na bar bayan kamfani, na koma rumbun gishiri da ke gaba, inda ake barbaɗa wa ɗanyar fata, kuma aikin rana zan riƙa yi, in shiga ƙarfe biyu. Sitiyarin an ba wani sabon zuwa da iyalinsa ke can garinsu. Na yi ta godiya, har da hawaye. Na koma gida na gaya wa uwar Mamana aiki yana nan, ta ɗaga hannu ta yi hamdala, ranar har nama aka sa a miya.

Malama ba ta ƙarasa zangon ba, aka yi mata canji zuwa wani ƙauye mai nisa. Ban je na yi mata sallama ba, ina tsoron a gan ni. Lambar Mai gawayi tana nan a wayata har yau, ban taɓa kira ba. Wanda aka kawo a madadinta saurayi ne, an kuma gaya masa aji a cikin aji ake yinsa.

Kwana tara bayan komawata rumbun gishiri aka yi ruwa da asuba, mai yawa, har lambatun ƙofar gidanmu ya tumbatsa. Ina zaune a tabarma ina shan koko, tunda yanzu da safe a gida nake. Mamana ta fito da kayan makaranta, ta sa hijabi, ta rataya jaka, abin shaƙarta na ciwon ƙirji yana aljihun gaba. Jarrabawar fita firamare saura 'yan makonni. Ta tsaya a gabana ta ce, "Baba, yau in je, ko in taya Umma aiki?"

Ashe ta daɗe da ganewa. Na ajiye kofin na fita ƙofar gida, na juya fuska wajen Challawa ina shaƙar iska, kamar yadda na sha ganin maƙwabtana suna yi ina wuce su. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kawai na ji. Na yi lissafin kwanakin da kududdufin ya yi bai zube ba, na ga zai iya zama yau, zai iya zama jibi. Ba kowane ruwan sama ake saki ba, kuma ba zan tsare ta damina guda a ɗaki ba. In ma an saki, sai ta zauna a bencinta na jikin taga kafin warin ya iso. Na fiddo waya na duba, ban san wanda nake jira ya kira ni ba.

Na dawo ciki. Tana nan tsaye inda na bar ta, tana jiran amsar da kullum nake da ita.

Na ce, "Ban sani ba, Mamana."

Ta dube ni kaɗan, ta taɓa aljihunta ta ji abin shaƙar yana nan, ta ce, "To, sai na dawo." Na bi ta zuwa bakin ƙofa na tsaya, har ta sha kwanar da ke bin gefen lambatun.